Mailafiya Ya Gyara Motar Bature

"Luba, miƙo min burushi!" Mailafiya ya ce da matarsa.

Shi ne direban Baturen kamfanin gyaɗa a Dutse. Kwana bakwai yana fama da tsohuwar motar maigidan a ƙofar gidansa. Ya kankare tsatsa, ya yi shafen farko da jan fenti, ya bi da kore. Tsoronsa kada a jefar da ita, ya rasa aiki.

Bature ya dawo daga Taura a kan doki. Ya zagaya motar yana murmushi.

"Aikinka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe!"

"Madalla! Da na yi niyyar ba ka ita kyauta, don ta tsufa. Yanzu kam ba mai raba ni da ita."

Luba ta shige zaure tana toshe dariya.