Gahawa Ba Sukari

Gajimare ya sauko kan itatuwan gahawa na tsaunin Mambila lokacin da Suwaibatu ta iso masaukin gonar daga Yargoje, riƙe da hular da ta ɗinka wa Maharazu, wanda za ta aura. Shi ne manajan gonar yanzu, har da sabuwar mota Fijo.

Ya tura mata gahawa baƙa ƙirin. Ɗaci ya shaƙe ta, amma a gidansu ba a raina abin hannun wanda za a aura. Ta shanye tas.

"Ga sukari gabanki, ko ɗiba ba ki iya ba," ya ce yana murmushi. "Ke zan nuna wa Turawa? Koma gida."

Ta ajiye hular.

Ya dubi mai hidima. "Kwashe kofin, har da tsumman nan."