Motar da Ta Dawo wa Alhaji da Hirar Hajiya

Na ga hotunan da ka nuna min a waya, ɗana, duka motocin sun yi kyau. Amma kafin ka tambaye ni wacce ta fi, zauna ka ji abin da ya faru da wani mai sayar da kayan gini.

Mutumin nan ya sha wuya a ƙuruciya, Allah ya buɗa masa da girma, har ya ga lokaci ya yi da zai ajiye tsohuwar motarsa ya hau ta alfarma. Sai ruwan ido ya kama shi tsakanin motoci uku. Ta farko ɗaki ce guda: kujerun fata masu laushi, katako mai sheƙi a jikin ƙofa, kujerar baya har tausa take yi. Ta biyu ba ta kai ta ƙawa ba, amma in ka taka totur sai ta yi ruri ta manna ka da kujera. Ta uku ta lantarki ce, ba ta shan mai, cajinta ake yi, kuma ta fi sauran sauƙin kuɗi. Abokansa na majalisa suka rabu biyu. Wasu suka ce mai furfura irinsa ta farko ce ta dace da shi, wasu suka ce mota ba ƙarfi ai amalanke ce. A kan ta lantarki kaɗai bakinsu ya zo ɗaya: a ƙasar da wuta ke zuwa ta gaisa ta wuce, wa zai sayi mota kamar tocila?

To, mutumin yana da mata, tare suka tsufa. A da ita ce rediyon tafiyarsa. Gidansu kullum cike yake da baƙi da jikoki da ƙarar janareta, saboda haka a mota suke samun kansu. Nan take ba shi labarin dangi, ta yi masa faɗan gudu, ta nuna masa inda aka rushe da inda aka gina. Sai ciwo ya same ta a maƙogwaro, aka yi mata aiki. Ta warke, amma muryarta ta koma raɗa. Tun daga nan tafiyarsu ta zama shiru. Yana tuƙi idonsa a kan hanya, yana cewa a ransa ciwon ya tafi da walwalarta. Abin yana cin sa, bai faɗa wa kowa ba. Ko motar ma, rabin dalilin sayenta don ya ga ko za ta yi murmushi ne.

Ranar gwaji ya tafi da ita. Mai wurin sayar da motocin tsohon abokin cinikinsa ne, ya miƙa masa makullai ya ce su zaga son ransu. A ta farko aka buɗe mata baya, wurin manya. Ta nutse cikin kujera can nesa da shi, yana hango ta a madubi kamar baƙuwar da ya ɗauko. A ta biyu ta zauna gaba, ta ƙanƙame hannun ƙofa har suka dawo. Ta ukun don kada a ce bai gwada ba ya shiga. Ya danna maɓalli bai ji komai ba, har ya leƙo zai ce ba ta tashi ba, aka ce masa ya ja kawai. Suka silale kan titi, ba ka jin komai sai shafar taya a kwalta. Sun ɗan yi nisa sai ya ji wata siririyar murya a gefensa.

“Alhaji, rage gudu mana. Ga shi ma ka wuce mai gwandar nan, kullum sai ka wuce shi.”

Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya juyo yana kallonta. Ya ce, “Hajiya, yau kuma magana ta dawo?”

Ta ce, “Ina ta je? Kullum ina yi. Kai ne ba ka amsawa, na ɗauka ka gaji da surutuna.”

Mutumin nan ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Sannan ya yi baya ya sayi gwandar. Ba su mayar da motar ba sai bayan la'asar, mai wurin yana ta kira a waya, don Hajiya tana da labarin da ya taru mata, shi kuma ya ƙi ya katse ta.

Ta lantarkin ya saya. Abokansa ba su yi ƙarya ba, ta ba shi wahala. Sai da ya shimfiɗa sola a rufin gida, kuma doguwar tafiya sai da lissafin inda za a yi caji. Akwai ranar da ɗaya daga cikinsu ya wuce shi da mai rurin nan, ya same shi a tsaye yana jiran batir ya cika. Ya sauke gilashi ya yi masa dariya, ya kai labari majalisa. Abin da bai lura da shi ba, Alhaji bai ko ɗago sosai ba. Ya karkata kunne wajen Hajiya, tana ba shi labarin rigimar da aka yi a wani suna, yana dariya har hularsa na zamewa. Har yau in aka tsokane shi da motar, cewa yake yi duk cikin ukun ita kaɗai ta san ta yi shiru in babba na magana.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.