Ko Bakaniken Bakin Titi

"Na hana idona barci kafin na ƙirƙiro wannan dabarar," in ji Injiniya Don Eusebio, tsohon maigidana a wurin aiki, a kotun Guadalajara.

Kamfanin da suke shari'a da shi ya ce dabarar sa hoton kyamarar mota ya fito tar cikin ruwan sama kowa zai iya hango ta. In kotu ta yarda, rajistar mallakar dabarar da Don Eusebio ya yi ta rushe.

Dabarata ce. Ya sa sunansa, ya sallame ni.

Aka kira ni shaida. Na kunna bidiyon ranar da na gwada masa ita. Muryarsa ta cika kotun:

"Wannan, Nayeli? Ai ko bakaniken bakin titi zai yi tunaninta!"

Na dubi alƙali. "Ni wace ce da zan ƙaryata Injiniya?"