Kunyar 'Yar Fari

Da hantsi Ɗan Talata ya iske Habsu tana ban ruwa a lambunta na kwarin Gure. Goron neman aurenta na aljihunsa, amma idonsa na kan Nene, yarinyar da ke wasa da rairayi. Ɗiyar Manzo ce, makiyayin Kelle. Shekarar da aka yi fara uwarta ta rasu, uban ya kawo wa Habsu riƙo, kuma har yau yakan zo da nono da man shanu.

"Ke, matsa daga bakin rijiya," in ji Habsu.

Bai taɓa jin ta ambaci sunan yarinyar ba, sai yau ya gane dalili. Uwa ba ta ɓoye sunan yaro sai na ɗan fari.

"Kunyar ɗan fari kika ba ɗiyar Manzo," ya ce. "Me ya rage wa nawa? Mayar masa da abinsa, Habsu. Ko son kai ne in so jinina?"

Ta ajiye guga, ta dube shi.

"Ba son kai ba ne, Malam. Ni ma ina so. Amma duk wanda na haifa maka, ƙane zai zo."

Ya yi ta murza goron har ɓawonsa ya saluɓe. Nene ta sake rarrafowa bakin rijiya. Ya buɗe baki zai kira sunanta, sai ya haɗiye.

"Ke," ya ce a hankali, "zo nan."