Tsaga Ukku a Cikin Jikan Wanzami

Gaban maƙwabta tsohon wanzamin Korgom ya ɗaga rigar jikanshi, kunya ta ishe shi. An haifi yaron da ƙwan maraina guda maƙale cikin ciki. Shekara biyu tsohon yana jiƙa saiwoyi a banza, har aka daina kawo mishi kaciya. Ƙarshe likitocin birni suka zura kyamara ta cibiya, suka sauko da ƙwan.

Ba wani dogon ɗinki, sai 'yan tsaga ukku kamar na ƙaho.

"Sarkin Aska, wa za ka ruɗa?" in ji maƙwabcinshi. "Likita ai farke mutum yake kamar buhun gero. Wannan hannunka ne! Gobe ina kawo yarana."

Tsohon ya sauke rigar yaron. Ya jawo zabira, ya fara wasa aska.