Aje Mini Hoton Nan

Bayani na goma sha bakwai layi ɗaya ne tak. Muzammilu ya karanta shi, ya kife wayar a kan cinya.

Wata uku ke nan da dawowarsa garin Isa bayan shekara shida a Kaduna, har yau zama bai karɓe shi ba. Kullum da hantsi yana bakin shagon caji kusa da tasha, inda sabis ke ɗan kamawa, yana aikin da kamfanin da ya yi wa aiki a Kaduna ke turo masa. Akwai mataimakin nan na cikin waya da 'yan kasuwa ke yi wa magana da baki, shi kuma ya aikata. Mataimakin bai san kayan aikinsa ba sai ta bayanin da aka rubuta a kan kowanne. Shi yake karantawa, ya zaɓi wanda zai ɗauka. Aikin Muzammilu shi ne duba bayanan nan, ya ba su maki daga ɗaya zuwa biyar. Ba a turo su da sunan marubuci.

Na goma sha bakwai na ɗora hoton talla ne. Ga abin da aka rubuta: "Yana aje hoton kaya." Bai ce hoton zai fita kasuwar manhajar nan take ba. Bai ce zai fita da alamar wurin da aka ɗauke shi ba. Ko kalmar talla babu a ciki.

Ya tsallake shi. Washegari ma ya tsallake.

A rana ta uku labari ya iso tasha. Mutanen daji sun shiga ƙauyen kawunsa Bawa, can gaba da Gangara, da rana tsaka. Ba su yi lalube ba, ba su tambayi kowa hanya ba. Kai tsaye suka nufi kangon bayan gona inda Kawu ya ɓoye bijimansa biyu na huɗa, suka kore su. Ban da mai gida da matarsa, mutum ɗaya ne ya san kangon: Shafi'u mai babur, wanda ke kai musu dusa daga Isa. Kafin la'asar 'yan sa-kai sun kama shi. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake yi wa wanda aka kira mai kai rahoto.

Muzammilu ya je jaje. Bayan an shafa fatiha ya roƙi wayar kawun, ya hau tudu da ita. Shi da kansa ya saka masa manhajar satin da ya dawo, yana ta yabonta. Da ƙyar shafin ya buɗe. Ga bijiman nan farare biyu a tsakiyar tallan awaki da buhunan gero, ga jan ɗigo a ƙasa yana nuna kangon. Mutum ɗari biyu da sha ɗaya sun kalla.

"Ni ban yi talla ba," in ji Kawu Bawa. "Ce mai nay yi ya aje mini hoton nan, in gwada ma ɗana Amiru in ya taho daga Sakkwato. Mi nay yi?"

Muzammilu bai iya duban fuskarsa ba.

An sa zaman yanke wa Shafi'u hukunci ranar Alhamis bayan azahar. Da safiyar ranar Muzammilu ya koma bakin shagon caji ya buɗe na goma sha bakwai. Ya ba shi maki ɗaya. Ya rubuta dalili dalla-dalla, ya rubuta yadda ya kamata bayanin ya kasance, layi biyar, bai tsaya tunanin ko kalma ɗaya ba. Ya tura. Kamfanin zai gyara, wataƙila nan da sati biyu. Motar Sakkwato tana lodi a gabansa, ana kiran saura mutum ɗaya. Jakarsa ta tafiya na ƙarƙashin bencin da yake zaune a kai. Ya daɗe yana kallon kujerar da ta rage, har wata tsohuwa ta zo ta cike ta.

Ya hau babur, ya nufi ƙauyen.

A ƙofar gidan mai gari ya iske taron. Shafi'u na zaune a ƙasa, hannuwa ɗaure ta baya, leɓensa a kumbure. Muzammilu ya nemi izinin magana. Ya ɗauki hoton butar liman da wayar kawunsa, ya ce wa mataimakin ya aje. Da sabis ya ɗan kama, ya miƙa tasa wayar. Ta zaga hannu zuwa hannu: ga buta a kasuwa, ga jan ɗigo a kan inda suke zaune. Ya ce musu haka aka yi da hoton bijiman, saboda bayanin da wani ya rubuta wa mataimakin; aka ɗauki salati ƙasa-ƙasa.

"To waya za mu ɗaure?" in ji shugaban 'yan sa-kai. "Ɗan boko, ba mu sakin wanda ag ga hannu don wani marar suna."

Malam Nasiruddeen, limamin garin, ya juya wayar a tafinsa.

"Ƙarhe ba ya da laihi, abin da anka rubuta mai ya bi. Ɗana, wanga da yar rubuta, mutum na ko aljan? In mutum na, hwaɗi sunanai a kwance bawan Allah."

Duk idanu suka dawo kansa. Da zai ce wani ne can birni, babu wanda zai ƙaryata shi, babu kuma wanda zai taɓa igiyar nan. Shafi'u ya ɗago kai yana kallonsa.

Muzammilu ya tuɓe takalmansa, ya zauna a ƙasa kusa da Shafi'u.

"Ni nar rubuta shi, Malam, bara a Kaduna, ana kiran sallah ina sauri."