Ƙara Masa Ja

"Ƙara masa ja, ɗan nan," in ji tsohuwar. "Mijina ba fatalwa ba ne."

Mai gyaran hoto ya tura ma'aunin launi zuwa dama. A fuskar kwamfutar, mamacin da ke cikin tsohon hoto mai fari da baƙi da ta kawo ya fara ɗaukar jini, kunci ya yi ɗumi, leɓe ya nuna.

"Iya, ya isa haka. In ya yi yawa, sai ya koma kamar an yi masa fenti."

"Kai dai ƙara. Ya daɗe yana jira."

Ya ƙara. Sanyi ya kama yatsunsa, alhali rana tsaka ce. Sai ya tuna maganar ubangidansa da ya koya masa sana'ar: launi ba ya faɗowa daga sama, duk jan da ka ƙara, daga wani wuri aka ɗebo shi.

Ya dubi hannunsa, ya ga ya koma ruwan toka har gwiwar hannu. Zai janye, tsohuwar ta danne shi da nata.

"Saura ƙiris, ɗan nan. Ba ka ga ya fara numfashi ba?"